Daga danna waya zuwa cinikin fiyucas: Odar da ke raba riba da asara a kasuwar kirifto

A daren 10 ga Oktoban 2025, bayan Shugaba Donald Trump na Amurka ya sanar da ƙarin harajin kashi 100 kan kayan China, kasuwar kirifto ta rikito. Alƙaluman CoinGlass sun nuna cewa an rufe cinikayyar sama da dala biliyan 19 ta ƙarfi cikin awa 24. Waɗanda abin ya fi cinyewa su ne masu cinikin hasashen farashi marar wa'adi, wanda 'yan harkar ke kira fiyucas.

Wannan darasi ya shafi matasan garuruwa irin su Gezawa. Da yawa a Arewa sun shiga kirifto ne ta hanyar danna waya a Notcoin da Hamster Kombat a 2024, kuma manhajojin da suka buɗe don sayar da ladansu su ne ke tallata musu fiyucas.

Ba hatsi a rumbu

Mutumin Gezawa ya san ajiya: a sayi gero ko gyaɗa da kaka, a jira tsada. Ko farashi ya faɗi, buhunsa na nan. Fiyucas, wanda kamfanin BitMEX ya fito da shi a 2016, ba haka yake ba. Mutum ba ya mallakar Bitcoin, hasashe kawai yake ko zai tashi ko zai sauka. Yana iya ajiye dala 50 ya juya cinikin dala 1,000, wato ninki 20. Idan farashi ya juya masa baya da kusan kashi 5 cikin ɗari, kasuwar za ta rufe cinikin, jarin ya tafi. Ga kuma kuɗin riƙe ciniki da masu saye da masu sayarwa ke biyan juna, galibi duk awa takwas.

Ire-iren oda

Odar kasuwa: a saya ko a sayar nan take a kan farashin da aka samu. Tana da sauri, amma lokacin rububi ana iya cika ta a farashi mafi muni fiye da wanda aka gani a waya.

Odar iyaka: mutum ya yanka farashinsa, kamar mai buhu da ya ce wa dillali kada ya sallama ƙasa da kaza. Kuɗin kamashonta ya fi sauƙi, sai dai ba lallai ne ta cika ba.

Odar tsai da asara: ita ke fitar da mutum idan farashi ya kai wani matsayi. Iri biyu ce. Wadda ke komawa odar kasuwa za ta fitar da shi ko da farashin bai yi daɗi ba. Wadda ke komawa odar iyaka kuwa, idan farashi ya tsallake ta da gudu, sai ta zauna ba ta cika ba, asara na ci gaba. A dare irin na 10 ga Oktoba, wannan bambanci ne tsakanin rasa wani kaso da rasa duka.

Odar ɗaukar riba: tana rufe ciniki idan an kai ribar da aka ƙudurta.

Muhimmancin waɗannan biyun na ƙarshe ya fi fitowa a karkara. Kasuwar ba ta barci, alhali cajin waya na ƙarewa, sabis na ɗaukewa. Odar da aka riga aka saka tana zaune ne a na'urorin kasuwar, tana aiki ko wayar na kashe.

Wa za a kai wa ƙara?

Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da kirifto a Fabrairun 2021, ya janye a Disambar 2023. Binance ya daina harkar naira a Maris 2024. Dokar zuba jari ta 2025 ta sanya kadarorin dijital ƙarƙashin hukumar SEC, amma manyan kasuwannin fiyucas a ƙetare suke. Wanda aka rufe wa ciniki a Gezawa da wuya ya samu ofishin da zai je.

Oda ba ta mayar da hasashen da bai yi daidai ba ya zama riba, iyakarta ta rage girman asara. Don haka tambayar farko ga matashi ba nawa zai ci ba ce, nawa zai iya rasawa ba tare da ya taɓa kuɗin taki ko jarin gida ba.