Kamaru: Abin da ke jiran sabon hafsan injiniyan soja da iyalinsa

Duk ranar da aka yaye hafsoshi a makarantar EMIA ta Yawunde, ba a rasa gidan da za a yi walima a unguwar Briqueterie, ko a Garwa da Marwa. Idan kuma aka ji an tura yaron sashen injiniyoyi, wato Génie militaire, sai murna ta ninku. Iyaye mata musamman sukan yi ajiyar zuciya, a ganinsu ɗansu ya kuɓuta daga bakin daga, aikinsa gina gada ne da shimfiɗa kwalta. Wannan fahimta tana da ƙamshin gaskiya a shekarun da ƙasar ke zaune lafiya. Yau kuwa gwamnati tana kiran injiniyan soja ne a inda kamfanonin farar hula suka kwashe kayansu suka gudu.

Hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri ta isa misali. Tsawonta ya ɗan haura kilomita 200, kuma ita ce manyan motoci ke bi da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Duwala zuwa Njamena, don haka direbobi da fatake Hausawa sun san kowane rami da ke kanta. A watan Mayun 2014 mayaƙan Boko Haram suka afka wa sansanin ma'aikatan China da ke gyaran hanyar a Waza, suka yi awon gaba da mutum 10. Ba a sako su ba sai a watan Oktoba, aiki kuwa ya tsaya cak. A 2018 aka damƙa shi ga injiniyoyin soja, da kuɗin Bankin Duniya, abin da bankin bai saba yi ba. Hanyar ba ta kammala a hannunsu ba, kuma har yau ana muhawara kan dalili. Amma abin da ya shafi iyali shi ne, waɗanda suka tsaya kan katafila a tsakiyar dajin Waza ƴaƴan mutane ne masu kaki, kuma matasan hafsoshi ne ke kwana da ƙananan sojoji a wurin, manya suna ofis.

Ɗaya ɓangaren aikin ya fi wannan nauyi, kuma shi ne ba a cika faɗa wa iyaye ba. A jihar Arewa Mai Nisa, da kuma jihohin Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma inda rikicin ƴan aware ya zama na makami tun 2017, bam ɗin da ake haɗawa a gida a binne a hanya ya zama makamin da ya fi razana ayarin soja. Gano shi da kwance shi aikin injiniya ne. Shi ke gaba, a ƙafa, da na'urar gano ƙarfe, sauran suna jira a mota. Ƙaramin laftana da ya fito makaranta za a ba shi mutum talatin ko kusa da haka, cikinsu akwai sajan da ya girme shi nesa ba kusa ba, kuma ya fi shi sanin yadda sabuwar ƙasa ke bambanta da tsohuwa a gefen titi. Hafsan da ya ɗauki girman kai ya ƙi sauraron irin wannan sajan, ya sa kansa da mutanensa a haɗari. Wannan darasi ba a rubuta shi a takardar shaidar kammala karatu.

Ga iyali, abu na farko shi ne nisa. An raba ƙasar zuwa yankunan soja biyar, da helkwata a Yawunde, Duwala, Garwa, Marwa da Bamenda, kuma na Marwa da na Bamenda rikici ne ya haife su, a 2014 da 2018. Sabon hafsa ba ya zaɓen inda za a kai shi. Ko an rubuta sunansa a bariki guda, injiniya yana bin aiki ne duk inda yake, wata da watanni, wani lokaci inda babu layin waya. Akwai kuma rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tafkin Chadi, wadda sashenta na Kamaru ke Mora, da aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Sallah za ta zo ba ya gida, a yi suna ba ya nan, a yi jana'iza ya ji daga baya.

Maganar aure ma tana da nata tsari. Soja ba ya aure a hukumance sai da izinin shugabanninsa. Gidajen da suka saba da ɗaura aure a masallaci kawai su kula da nan: matar da ba ta da takardar aure ta magajin gari, da ƴaƴan da ba a yi musu takardar haihuwa ba, su ne ke shan wahala idan ta Allah ta kasance aka zo batun haƙƙoƙin mamaci. Ga dangin da ke da ƙafa ɗaya a Kamaru ɗaya a Najeriya ko Chadi, wanda ba baƙon abu ba ne, gara a daidaita takardun amarya tun kafin a sa rana.

Sai kuɗi. Kalmar injiniya kan sa dangi su hango ɗan kwangila, nan da nan sai kawu ya kawo kuɗin makarantar yara, ƙani ya kawo maganar babur. Ƙaramin hafsa ma'aikacin gwamnati ne mai albashi ƙayyadadde. Abin lura shi ne, ta hannunsa gazuwal da siminti da rodi ke wucewa, shi ke sa hannu a kansu, kuma matsin lamba daga gida yana cikin abin da ke tura matashi ya taɓa abin da ba nasa ba. Idan asiri ya tonu, kotun soja ce ke jiransa, shi kaɗai.

Duk da haka sashen yana da riba da wasu sassan ba su da ita. Wanda ya yi shekaru yana auna ƙasa, yana haƙa rijiyar burtsatse, yana gina azuzuwa, ya fita da sana'ar da ake nema ko bayan ya ajiye kaki. Hafsan da ke jin Hausa da Fulatanci kuma yana da wata dama a arewa, domin sau da yawa manomi ko mai kiwo ne ke fara ganin inda aka tona hanya da dare, kuma ya fi sakin jiki ya faɗa wa wanda ya gaishe shi da harshen da yake ji.