Agogo Mai Sanar da Faɗuwa: Sababi Ne, Amma Wa Zai Amsa?



Wani ɗan uwa ya tambaye ni ko ya dace ya saya wa mahaifiyarsa agogon nan mai sanar da faɗuwa, domin ita ta ce abin da Allah ya ƙaddara babu agogon da zai tare shi. Gaskiyarta, sai dai riƙon sababi ba ya warware tawakkali.

Kuma lamarin ba ƙarami ba ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 684,000 ne ke rasuwa duk shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa. Illar ba ta tsaya ga karayar ƙugu ba. Tsohon da ya daɗe yashe a ƙasa ba mai ɗaga shi, ruwan jikinsa kan ƙare, ƙoda ma kan taɓu.

Wannan daɗewar ce agogon yake magani. Tun 2018 kamfanin Apple ya sa wa agogonsa na'urar da ke gane bugun faɗuwa mai ƙarfi. Idan mutum ya yi kamar minti ɗaya bai motsa ba, sai ya yi ƙara, sannan ya kira masu agaji ya kuma aika saƙo ga lambobin da aka ajiye. Amma kamfanin da kansa ya ce ba kowace faɗuwa yake ganewa ba. Ga kuma abin da ya fi damuna: agogon yana bukatar caji kusan kullum, kuma da dare aka saba jona shi. To, yaushe iyayenmu suke cikin haɗari in ba da dare ba? Lokacin nan ne suke laluben hanyar banɗaki cikin duhu, ko su tashi alwalar tahajjudi a kan siminti mai santsi, kowa na barci.

Saboda haka na ce masa ya fara da mai araha. Fitila mai kunna kanta idan ta ji motsi, ƙarfen dafawa a bango, kujerar alwala, da takalmi marar santsi, su ne ke hana faɗuwar tun farko. Ya kuma tunatar da ita cikin ladabi cewa shari'a ta sauƙaƙa wa wanda tsayuwa ta gagara ya yi salla a zaune, kamar yadda hadisin Imrana ɗan Husaini ya nuna a Sahihul Bukhari. Tsofaffi da yawa suna takura wa kansu saboda kunya, wasu ma su faɗi su ɓoye don kada a hana su zuwa masallaci.

Bayan haka in yana da hali ya sayi agogon, a riƙa caja shi da rana. Na tambaye shi lambar wa zai ajiye a ciki, ya ce tasa. Shi yana Abuja, ita tana Katsina, kuma ya amsa mini cewa yakan kashe wayarsa bayan Isha'i.