Kantin maganin unguwa da kunyar tambaya



Idan zazzaɓi ya kama yaro da daddare a Buokrom, ba kowace uwa ce ke nufar asibitin Manhyia ko Komfo Anokye ba. Galibi kantin maganin bakin titi ake fara zuwa, domin ya fi kusa, babu layi, kuma mai kantin sananne ne. Wataƙila tare da shi mahaifin yaron ya yi sallar isha'i. Wannan sanayya alheri ce, amma a ganina ita ce kuma ta ɗaure mana baki. Muna jin nauyin mu juya kwali mu duba ranar lalacewar magani a gaban wanda muka sani, kada ya ga kamar mun zarge shi. Ga shi kuwa idan tumatir muka je saye Kejetia, sai mun latsa shi ɗaya bayan ɗaya.

Ya kamata mu fara sanin cewa kantunan nan iri biyu ne a dokar Ghana. Akwai cikakken kantin magani, wanda dole ya kasance ƙarƙashin kulawar masanin haɗa magunguna, irin waɗanda jami'ar KNUST ke yayewa a nan Kumasi. Akwai kuma masu lasisin sayar da ƙananan magunguna kawai, irin na ciwon kai da mura. Waɗannan na biyun ba a ba su izinin sayar da magungunan da sai likita ya rubuta ba, balle su yi wa mutum allura a bayan labule. Hukumar Pharmacy Council ce ke ba su lasisi a ƙarƙashin dokar 2013, ita kuwa hukumar FDA ita ke yi wa maganin kansa rajista. Lasisin nan a bango ya kamata ya kasance, inda kowa zai gani. Mu nawa ne muka taɓa ɗaga kai muka neme shi?

Wanda yake ganin abin bai kai ya kawo ba, ya tuna Gambiya. A 2022 yara kusan 70 suka rasu bayan sun sha maganin tari na ruwa da aka shigo da shi daga Indiya, wanda aka samu guba a cikinsa. Kafin nan, a 2008, maganin haƙorin jarirai mai suna My Pikin ya kashe yara fiye da 80 a Najeriya. Iyayen nan ba sakaci suka yi ba, sun saya ne da kuɗinsu don neman lafiyar 'ya'yansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce a 2017, kusan ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci.

Amma abin da ya fi damuna ba jabun da ake shigowa da shi ba ne, na gida ne. Magani mai kyau yakan lalace a hannunmu. Yawancin kwalaye an rubuta a ajiye su a wurin da zafinsa bai wuce digiri 30 ba, ga kantin kuwa kwantena ce ta ƙarfe da rana ke gasawa tun hantsi. Insulin na masu ciwon suga sanyi yake so, to idan an ɗauke wuta kwana guda, wa ke lura da firjin? Sannan ga sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta ƙwaya uku ko huɗu, gwargwadon sidin da ke aljihu. Na san talauci ne ke jawo haka, ba na musu. Sai dai rabin magani yana koya wa cutar yadda za ta jure masa ne, gobe a sha cikakke ya ƙi aiki. Tsofaffinmu kuma da yawa ba sa karanta Turanci. Mai kantin da ya zuba ƙwayoyi a farar takarda ba suna, ba bayani da Hausa ko Tuwi, bai gama aikinsa ba.

Batun tiramadol kuwa kowa ya gani da idonsa. Ƙarfin da aka amince da shi a Ghana miligiram 50 ne da 100, amma samari na 225 suke nema. Gwamnati ta tsaurara dokarsa a 2018, ta kuma hana maganin tari mai kodin. Duk da haka, a 2025 binciken BBC ya nuna wasu ƙwayoyi masu kama da shi suna ci gaba da kwararowa daga Indiya, har mutanen Tamale suka kafa 'yan sa-kai suna farautar masu sayarwa. Duk wanda ya miƙa wa yaron maƙwabcinsa wannan ƙwaya ya san ba ciwon baya ke damunsa ba.

Masu kantin kirki suna da yawa a cikinmu, kuma su ne ba sa jin haushin tambaya. Saboda haka ina roƙon limamanmu da sarakunan Zango su gayyaci ma'aikatan hukumomin nan biyu, su zo harabar masallaci bayan sallar Juma'a, su nuna wa jama'a da Hausa yadda lasisi yake, da inda ake duba lambar rajista da ranar lalacewa a jikin kwali. A kuma ware wa mata nasu zaman a makarantun Islamiyya, tunda su ne ke zuwa kantin da daddare.