Makaɗi Da Kunne Yake Kiɗa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin waƙar baka ya san yadda ake yi. Akan ɗauko waƙar Narambaɗa ko ta Jankiɗi ko ta Ɗanƙwairo, a juye ta daga faifai zuwa takarda, sa'an nan a shiga farautar jigo da salo, a ware zambo daga habaici. Kafin a kai ga takardar nan kuwa, ganga ta riga ta faɗi a hanya, ba wanda ya waiwaya ya ɗauke ta. Alhali Bahaushe da ya tashi raɗa wa mutanen nan suna, makaɗa ya kira su. Tun 1971 Ames da King suka tattara sunayen kayan kiɗan Hausa a littafi guda, amma yadda makaɗi ke koyon sarrafa kiɗa nan take a fage bai sami rabonsa na nazari ba.

Wanda ke son ganin wannan ilimi ba sai ya je fada ba. Ya bi hanyar da ta fita Sakkwato ta yi kudu, ta ratsa Boɗinga zuwa Shagari. Ƙasa ce da aka sani da malanta: a Sifawa Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna Boɗinga. Watakila shi ya sa ba a cika ambaton makaɗanta ba. Duk da haka ƙasar manoma ce, inda gayya da damben kaka da bukin aure suka daɗe suna neman mai ganga.

A gidan makaɗa ba a fara miƙa wa yaro kalangu. Kuntuku ko kanzagi ake rataya masa, a ce ya riƙe bugu guda kada ya saki, ko da kuwa uban kiɗa ya yi gabas ya yi yamma. Mai kallo zai ce bauta ce kawai, domin yaro kan shekara da shekaru a kan abu ɗaya. Haƙiƙa a nan ne makarantar take. Hannunsa na aiki shi kaɗai, kunnensa kuwa ya sami sukunin bin babba: inda ya tsaya, inda ya bar wa 'yan amshi fili, yadda ya fita daga kiɗa ya yi yawo ya komo daidai kan gaɓa. Ranar da ya saki bugu, harara ko dungurin gula ce za ta gaya masa. Ba a yi masa bayani ko sau ɗaya ba, amma ya koyi abin da ya fi wuya, watau jin kiɗa biyu a lokaci guda.

Sa'an nan sai maganar ganga. Hausa harshe ne mai karin sauti. Da shi ake bambanta kukan yaro da kukar miya. Makaɗin kalangu yakan matse tsarkiya a hammata murya ta hau, ya sassauta ta sauka, ta haka yake kwaikwayon hawa da saukar magana. To, amma kalmomi da yawa suna tarayya a kari ɗaya, saboda haka mai sauraro ba ya gane ganga sai ta faɗi abin da kunnensa ya riga ya sani, kamar taken wani ɗan dambe ko na wani gida. Wannan shi ne linzamin makaɗi. Yana da damar ya ja take, ya gutsura shi, ya yi masa ado, ya cusa shi tsakiyar wani kiɗa, muddin mai shi zai ji ya zabura. In ya yi ƙawa har take ya ɓace, ya yi surutu ne, kuma ba mai ba shi ko anini.

A fage ne ake rarrabe gwani da mai haddace. Makaɗin noma yana tafe da baya-baya gaban manoma, idonsa na kan garma. In ya ga rana ta take, kuyya ta fara karkacewa, sai ya rage gudu don kada a zube. In ya hango wani saurayi ya tsere wa 'yan'uwansa, nan da nan ya juya masa takensa, saura su ji haushi su biyo. Haka makaɗin dambe: abin da ya ɗaukaka ƙungiyar Ɗan'anace a wajen Shago da takwarorinsa har da sanin lokacin da za a zuga da lokacin da za a yi shiru. An ce in kiɗa ya sake rawa ma sai ta sake, amma a wurin gwani sau da yawa rawar ce ke sake kiɗan.

Akwai masu cewa duk wannan baiwa ce, ko gado, wai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, wasu ma har su jingina shi ga iskoki. Maganar tana da daɗi, sai dai tana da lahani, domin abin da aka ce baiwa ne ba wanda zai damu ya rubuta yadda ake koyonsa. Gidajen makaɗa nawa ne suka haifi 'ya'ya goma, ɗaya tak ya fita? Wanda ya fitan, in aka bincika, shi ne wanda ya fi daɗewa a bayan uba da kuntuku.

Yau matashi yakan shiga situdiyo, kwamfuta ta jera masa bugu wanda ba ya gaba ba ya baya, a wajen buki kuma a kunna lasifika. Ba laifi ba ne, kowane zamani da nasa. Sai dai na'ura ba ta ganin manomi ya gaji, ba ta san wanda ya shigo fage ba, kuma yaron da ya tashi a kanta bai taɓa riƙe wa kowa bugu ba.

Ya kamata Sashen Hausa ya sa ɗaliban shekarar ƙarshe su ɗauki kiɗa kamar yadda suke ɗaukar waƙa: a zauna da tsohon makaɗi, ya buga take, ya faɗi ma'anarsa da baki, ya sake buga shi iri uku ko huɗu, a tambaye shi me ya sa ya juya a nan bai juya a can ba. Wayar da ke aljihun ɗalibi ta isa wannan aiki, kuma daga jami'a zuwa Boɗinga ba ta kai tafiyar rabin yini ba.