Paris Masters: Abin da ya sa gasar tanis ta bar gidanta bayan kusan shekara 40

A ranar 2 ga Nuwamban 2025 Jannik Sinner na Italiya ya doke Félix Auger-Aliassime na Kanada da ci 6-4, 7-6, ya ɗaga kofin Paris Masters, ya kuma koma matsayin na ɗaya a duniya. Wannan ne karon farko tun 1986 da aka yi wasan ƙarshe na gasar a wani fili da ba Bercy ba.

Hukumar tanis ta Faransa, wadda ke da gasar, ta kwashe ta zuwa Paris La Défense Arena da ke Nanterre, a yammacin birnin. Wannan ne zauren da aka yi gasar ninkaya ta Olamfik ta 2024, kuma ya kasance gidan ƙungiyar zari-ruga ta Racing 92. Babban filin da aka shirya wa tanis a ciki yana ɗaukar 'yan kallo kimanin 17,500, wanda a gasannin da ake yi duk shekara filin Arthur Ashe na New York ne kaɗai ya fi shi.

Daga Coubertin zuwa Bercy

Gasar ta samo asali ne a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da aka buɗe wa ƙwararrun 'yan wasa ƙofar manyan gasanni. A wancan zamani ana yin ta ne a ƙaramin zauren Pierre de Coubertin, inda Arthur Ashe, baƙar fata ɗan Amurka, ya ci kofin a 1970. Bayan 1982 gasar ta tsaya na wasu shekaru.

Ta dawo a 1986 a sabon zauren Bercy, kuma Boris Becker na Jamus, wanda a lokacin bai cika shekara 19 ba, shi ya fara cin kofin a can. Ya sake ci a 1989 da 1992. Filin na lokacin shimfiɗar kafet ce, ƙwallo na zillewa a kai da gudu, ga shi babu iska babu rana a cikin rufaffen zaure. Irin wannan fili na masu ƙarfin bugun farko ne. Sampras da Agassi sun ci sau biyu-biyu, Marat Safin na Rasha ya ci sau uku. Sai a 2007 aka cire kafet aka koma daɓe mai tauri.

Tun 2009, lokacin da Madrid ta koma jar ƙasa, Paris ce kaɗai a cikin gasanni tara na ajin Masters 1000 da ake yi a ƙarƙashin rufi.

Gasar ƙarshen shekara

Ƙarfin gasar da rauninta duk suna cikin lokacin da ake yin ta. Tana zuwa a ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, bayan 'yan wasa sun yi wata goma suna yawo daga Ostireliya zuwa Turai zuwa Amurka zuwa Asiya. Jiki ya gaji, wasu na ɗauke da rauni, wasu kuma hankalinsu na kan ATP Finals, gasar zakaru takwas da ke biye mata.

Shi ya sa jerin zakarun Paris bai yi kama da na sauran manyan gasanni ba. Rafael Nadal, wanda ya ci Roland Garros sau 14 a wannan birni, bai taɓa cin kofin Bercy ba. Sau ɗaya ya kai wasan ƙarshe, a 2007, David Nalbandian ya lallasa shi. Roger Federer sau ɗaya ya ci, a 2011. Novak Djokovic ne kaɗai cikin manyan ukun ya mayar da wurin gidansa, da kofi bakwai tsakanin 2009 da 2023.

Inda manya suka gaza, ƙanana suka samu shiga. David Ferrer a nan ya ci kofin Masters ɗaya tilo a rayuwarsa, a 2012. Jack Sock na Amurka ya zo a 2017 babu mai sa shi a lissafi, ya ci kofin, nasarar ta ba shi kujerar ƙarshe a gasar zakaru takwas. Holger Rune na Denmark, yana da shekara 19, ya kayar da mutum biyar daga cikin goman farko na duniya a mako guda a 2022, na ƙarshensu Djokovic. A nan kuma Andy Murray ya hau matsayin na ɗaya a karon farko, a 2016.

Su kuwa masu gida, rabonsu da kofin tun 2008, lokacin da Jo-Wilfried Tsonga, wanda mahaifinsa ɗan Kongo ne, ya ci. Gaël Monfils ya faɗi a wasan ƙarshe sau biyu a jere, Ugo Humbert ma ya faɗi a hannun Alexander Zverev a 2024, wasan bankwana da Bercy. 'Yan kallon zauren sun yi suna wajen hayaniya, suna iya yi wa kowa ihu, har da Djokovic, kuma 'yan wasa da dama sun ce babu inda ake jin tsawar jama'a kamar can.

Me ya kore ta?

Babban filin Bercy ba shi da laifi. Matsalar ƙananan filayen ce, waɗanda ke matse, rufinsu na ƙasa-ƙasa, kujerunsu kaɗan, sun kuma gaza mizanin da ATP ke nema daga gasa mai wannan daraja. Da yake kowa na son babban fili, sai a cusa wasanni da yawa a rana guda, dare ya raba ana bugawa.

Abin ya fito fili a 2023. Sinner ya kammala wasansa da Mackenzie McDonald bayan ƙarfe biyu da rabi na dare, aka kuma sa shi ya dawo fili da yammacin ranar. Sai ya janye. 'Yan wasa suka yi ca a kan masu shirya gasar, kuma da gaskiyarsu.

Akwai kuma batun kuɗi. Bakwai daga cikin gasannin Masters tara an faɗaɗa su zuwa kwana 12 da 'yan wasa 96. Paris da Monte Carlo ne kawai suka rage a mako guda. Ƙarin kwana ƙarin tikiti ne da kuɗin talabijin, kuma gasar da ta tsaya a ƙaramin gida tana iya wayar gari ana maganar sayar da matsayinta ga wata ƙasa.

Ƙasar da aka fi ambata ita ce Saudiyya. Asusun zuba jarinta, PIF, shi ke ɗaukar nauyin jadawalin matsayin 'yan wasan ATP tun 2024. A Oktoban 2025, kwanaki kaɗan kafin a fara wasa a La Défense, ATP ta sanar cewa Saudiyya za ta samu gasar Masters 1000 ta goma daga 2028. Wato ƙari aka yi, ba a ƙwace ta kowa ba, abin da ya kwantar wa Paris hankali a yanzu. To amma gasar nuni ta Six Kings Slam da ake yi a Riyadh a tsakiyar Oktoba tana bai wa zakara dala miliyan 6, alhali na Paris bai kai Yuro miliyan ɗaya ba. Sinner ya karɓi duka biyun a 2025. Ɗan wasan da ya gaji, dole ya zaɓi ɗaya, ba wuya a san inda zai karkata.

Sabon gidan ya warware matsalar wuri, amma ya zo da nasa ƙorafin. Wasu 'yan wasa sun ce filin ya yi nauyi, ƙwallo ba ta gudu yadda aka san ta a Paris. Carlos Alcaraz, wanda ya zo a matsayin na ɗaya, ya faɗi a wasansa na farko a hannun Cameron Norrie na Birtaniya, kuma har yau bai taɓa kai wa wasan ƙarshe a gasar ba. Gasar, wadda daraktanta a 2025 shi ne tsohon ɗan wasa Cédric Pioline, tana da yarjejeniyar shekara goma da zauren, lokacin da a cikinsa gasar Saudiyya za ta fara aiki kuma ATP za ta sake zana kalandarta.