Masaukin Turkawa Na Benis: Garin Neman Gira

Birnin Benis, a arewa maso gabashin ƙasar Italiya, gari ne da aka gina bisa ƙananan tsibirai a cikin ruwan gishiri. Manyan titunansa na ruwa ne, mota ba ta shiga, jirgin ruwa shi ne jakin kowa. Babbar hanyar ruwan da ta ratsa tsakiyar garin tana da gidajen attajirai dama da hauni, ƙofofinsu suna duban ruwa, yadda jirgi zai tsaya a bakin zaure a sauke kaya. Ɗaya daga cikin mafiya tsufa shi ne wanda suke kira Fondaco dei Turchi, watau Masaukin Turkawa. Kalmar fondaco kuwa aro ce daga Larabci, funduƙ. Labarin wannan gida ya isa a tsaya a kansa, domin ya shafi duk wanda aka danƙa wa amanar tsohon gini, musamman ranar da kuɗin gyara suka samu.

An gina shi a farkon ƙarni na 13, don wani attajiri Giacomo Palmier, wanda ya yi hijira daga garin Pesaro. A 1381 hukumar Benis ta saye shi, ta ba Niccolo na Biyu, mai mulkin Ferrara, tukwicin gudummawar da ya ba ta a yaƙinta da Jenowa. Amma kyautar ba ta yanke ba. In ana shiri da mutanen Ferrara gida nasu ne, in an ɓata a ƙwace, in an sasanta a mayar. Haka aka yi fiye da sau ɗaya. A tsakanin haka hukuma tana sauke manyan baƙinta a ciki. A 1438 Sarkin Rum ta Gabas, John na Takwas, ya sauka a nan sa'ad da ya zo neman taimakon Turawa a kan Turkawa. Shekara 15 bayan haka Turkawan suka ci birninsa, wanda yau ake kira Istambul.

To, ikon Allah, jikokin waɗanda ya zo kai ƙara su ne suka gaje masaukinsa. A farkon ƙarni na 17 gidan ya faɗa hannun Antonio Priuli, wanda ya zama shugaban Benis a 1618, kuma a 1621 aka ba fataken Daular Usmaniyya hayarsa. Benis da Turkawa sun sha gwabzawa a teku, babban karonsu shi ne na Lepanto a 1571, amma ba wanda ya iya rabuwa da kasuwar wani. Saboda haka aka karɓi baƙin, aka kuma tsare su. Aka toshe tagogin da ke duban maƙwabta, aka ja bango a gaban gidan, aka rushe hasumiyoyi biyu na gefe. Da faɗuwar rana sai mai gadi, wanda lalle Kirista ne, ya kulle ƙofa sai safiya. Ba a shiga da makami, mata da yara ba su taka ciki. Wanda ya san zaman fatake a zango zai gane tsarin, sai dai a nan fatoma hukuma ce, kuma ba ta yarda da baƙonta ba. Duk da haka sun sami ɗakin salla da wurin wanka, da ɗakunan kwana a sama, da ma'ajiyoyi a ƙasa cike da kakin zuma da mai da ulu da fatu. Mutanen Bosniya da Albaniya suna sashensu, na Asiya suna nasu. Shekara 217 aka yi a haka.

Masu gidan kuwa haya kawai suka sani. Ta hanyar aure ya koma ga zuriyar Pesaro, waɗanda ake dangantawa da wanda ya fara gina shi. Ciniki da gabas ya yi ta raguwa, Napoleon ya kawar da mulkin Benis a 1797, garin ya shiga hannun Ostiriya. A 1838 ɗan haya na ƙarshe ya fita, aka sayar wa wani ɗan kwangila wanda ya rushe wani sashe na baya. Baturen Ingila John Ruskin, wanda ya rubuta babban littafi a kan gine-ginen Benis tsakanin 1851 da 1853, kango ya tarar. Hotunan zamanin sun nuna jan tubali tsirara, bakuna an cike su da gini, ciyawa ta fito a kan bango.

Wajen 1860 Majalisar Gari, watau kamar En'e tasu, ta saye shi, ta ba injiniya Federico Berchet aikin gyara. A nan maganarmu take. Berchet ya ƙudura zai mayar da gidan yadda yake zato yana nan a zamanin Palmier. Ya lulluɓe fuskar gidan da sabon marmara, ya sake tayar da hasumiyoyin nan biyu da ba mai rai da ya taɓa ganinsu, yana dogara da tsofaffin zane-zanen birnin. Abin da zamanin Turkawa ya ƙara, aka ɗauke shi datti ne aka kwashe. Da aka gama, sai ga gida fes, mai kyaun gani daga cikin jirgi, wanda ba na Palmier ba ne, ba kuma na fatake ba. Masana gini har yau suna kawo shi misali in za su nuna wa ɗalibai gyaran da ya wuce gona da iri.

Za a ce, ai da babu gara ba daɗi. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Da an bar gidan a hannun ɗan kwangila, mai yiwuwa ne da yau ko tubali ɗaya babu, kuma Berchet ya yi aikinsa ne bisa abin da yawancin maginan zamaninsa suka ɗauka daidai. Amma tsakanin a bar gini ya faɗi da a sake shi sabo akwai hanya, ita ce a tokare bango, a toshe yoyo, a bar tabon da shekaru suka yi. Ta fi arha, sai dai ba ta da bikin buɗewa, shi ya sa masu mulki ba su cika sonta ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne zaɓen da aka yi. Gidan da ya ga attajiri ɗan gudun hijira, da mai mulkin Ferrara, da Sarkin Rum, da fatake Musulmi, sai mutum ɗaya ya zauna ya yanke cewa na farko shi ne na gaske, sauran duk kuskure ne. Wa ya ba shi? Tagar da aka toshe a 1621 abin kunya ce, amma shaida ce ta yadda Benis ta zauna da baƙin da take tsoro kuma take bukata. Malamin makaranta zai iya tsayar da yara a gabanta ya koya musu abin da littafi ba zai koya ba. Yanzu sai a takardun ajiya ake samunta. Mu ma nan mun san irin wannan, inda za a shafe tsohon ginin ƙasa da siminti a ce an raya shi, ba tare da wani akawu ya auna ko ya ɗauki hoton abin da aka rufe ba.

Bayan gyara gidan ya zama ma'ajiyar kayan tarihin birnin, wadda ake kira Correr. Da aka mayar da ita wani wuri, tun 1923 ya koma gidan nuna halittu, na dabbobi da tsirrai da duwatsu, kuma mallakar garin ne har yau. Abin da baƙi suka fi zuwa kallo a ciki daga ƙasar Nijar ya fito. Ƙasusuwan wata ƙatuwar dabba ce ta zamanin da, mai kama da damo, tsawonta ya kai mita 7, wadda masana suka sa wa suna Ouranosaurus nigeriensis. Ayarin Giancarlo Ligabue, attajirin Benis, shi ya tono ta a 1973 a Gadufawa, cikin hamadar Tenere, kudu maso gabas da Agadas. An haɗa ta gaɓa da gaɓa, an tsai da ita a kan ƙafafunta a cikin gidan. Mutanen gari dai ba su canza wa gidan suna ba. In ka shiga jirgi ka ce a kai ka Masaukin Turkawa, nan za a sauke ka.