Faɗakarwa a Kan Tauye Mudu Tsakanin Ƙasashe

Godiya ta tabbata ga Allah mai shimfiɗa arziki, wanda ya hore ƙasa ga bayinsa baki ɗaya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan takarda ce daga jam'iyyarmu zuwa ga malamai da almajirai. Allah ya ƙara muku basira, amin.

Ku sani, ya 'yan'uwa, babu almajirin da bai san hukuncin mai awo da mudu biyu ba, babba in zai saya, ƙarami in zai sayar. Har sura guda a Alƙur'ani da sunan masu wannan aiki ake kiranta. To, abin da muke tsawatarwa a kasuwar Kurmi shi ake yi tsakanin ƙasa da ƙasa, mu kuwa mun yi shiru.

Ga lissafi. A shekarar 1998 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kasa mutanen duniya kashi biyar. Ta iske kashin sama, mazauna ƙasashe mawadata, su ke kashe 86 cikin 100 na dukan kuɗin da mutane ke kashewa wajen ci da sha da sutura da sauran bukatu. Kashin ƙasa 1.3 kaɗai ya samu. Nama da kifi, na sama 45, na ƙasa 5. Takarda kuwa, wadda almajiri ke nema don rubutu, na sama 84, na ƙasa 1.1. Sa'an nan a 2011 hukumar abinci ta Majalisar ta ƙiyasta mutum guda a Turai da Amurka ta Arewa yana zubar da abinci kilo 95 zuwa 115 a shekara, na Afirka kudu da Sahara kilo 6 zuwa 11.

Wani zai ce rabo ne, kowa da abin da aka rubuta masa. Amsa ita ce: mun yi imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, amma ba a kafa hujja da ita don a wanke zalunci. Ɓarawo ba ya kuɓuta gaban alƙali don ya ce an ƙaddara masa sata.

Ga yadda ake tauye mudun. Ana ɗaukar kayanmu ɗanye da araha, a sarrafa shi a can, riba ta zauna can. 'Yan'uwanmu na zangon Kumashi sun san koko, wato 'ya'yan itacen da ake yin cakulan da su. Gana da Kwaddebuwa su ke noma fiye da rabin na duniya, amma a lissafin 2015 manomi bai sami 7 cikin 100 na kuɗin cakulan ba. Haka nan yuraniyom na Arlit: tun daga 1971 kamfanin Faransa ya yi fiye da shekara 50 yana haƙarsa, ana kunna fitilun Faransa da irinsa, alhali a 2020 wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar.

Abin da hannun mutum ya ƙulla, hannun mutum yana iya kwance shi da yardar Allah. A 2019 Gana da Kwaddebuwa suka haɗa baki, suka ɗora wa masu saye ƙarin dala 400 a kan kowane tan domin manomi. Bai isa ba, amma ya nuna tsintsiya ɗaure take shara.

Saboda haka abu uku muke kira gare shi. Na farko, malamai su sa zancen ciniki tsakanin ƙasashe cikin wa'azi, kamar yadda suke karantar da babin saye da sayarwa. Na biyu, almajirai su haɗa karatu da hisabi da sana'a, domin fatar da Kano ke aikawa Italiya a ɗinka ta takalmi a gida. Na uku, masu hali cikinmu su ji tsoron Allah game da israfi. Wanda ya zubar da shinkafar biki a kwata, maƙwabcinsa na kwana da yunwa, ba shi da bakin zargin Turai, domin mudu biyu ne a hannunsa shi ma.

Allah ya ba mu wadar zuci da ƙarfin neman hakki. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba. Wassalamu.